Wasiƙa zuwa ga aminiyata a kan jinyar Gwaggo

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya aikin dare? Ke dai kin iya shiru! Tun da kika samu aikin asibitin nan sai dai mu gan ki a Facebook, kin dunƙule cikin rigar sanyi kamar jaririyar goyo. Batun takardun autarmu na so in tambaye ki, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Gwaggo ce. Ciwon dajin nan na mama ya ci ƙarfinta, har ya shiga ƙashi. An yi mata gashin cutar a asibiti, an sayar da filin bayan tasha, daga ƙarshe likita ya ja Kawu gefe ya ce babu sauran abin yi, a mai da ita gida a ci gaba da addu'a. Ban ga laifin faɗin gaskiya ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka sallame mu da ƙwayar ciwon kai, babu wanda ya nuna mana yadda za mu yi da ita in dare ya yi.

Kin san Gwaggo da dauriya. Yanzu bakin zaninta take cizawa don kada jikoki su ji nishinta. Ni da Yaya muke juya ta, ƙugunta ya fara gyambo saboda kwanciya, kunu ma cokali biyu ta kau da kai. Masu dubiya su shigo su ce, “Sannu, jinya kankarar zunubi ce.” Haka ne, na yarda. Amma addinin da ya ce a yi haƙuri shi ya ce a nemi magani, kuma raɗaɗi yana da magani ko da cutar ba ta warkuwa.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta raɗa min sunan mofin, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Wohoho! Mun sha yawo. Wannan kemis ya ce babu, wancan ya kalle mu kallon tuhuma. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a nan Najeriya a 2018, kowa tsoron irin waɗannan magunguna yake. Shi kansa Kawu cewa ya yi ba za a ɗura wa yayarsa kayan maye ba. Mace tana bakin kabari, wane maye ake ji mata tsoro?

Abin da ya ƙara ƙona min rai, ba maganar arziki ba ce. Uganda ba ta fi mu kuɗi ba. Tun 1993 wata likita, Anne Merriman, ta kafa Hospice Africa Uganda, cibiyar rage wa masu ciwon da ba ya warkuwa raɗaɗi, a Kampala, suna dama garin mofin da ruwa su zuba a kwalba, mai jinya ya riƙa ba mara lafiya a gida. A 2004 gwamnatinsu ta yarje wa ma'aikatan jinya da suka samu horo su rubuta shi, tunda likita ba ya isa ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu buƙatar irin wannan kulawa, kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. To Gwaggo tana cikin ragowar.

Af, maƙwabciyarku ta layin famfo ta haifi tagwaye, ranar Asabar suna. Kuma mutuminki mai shagon ɗinki har yau bai gama mayafin nan naki ba, ya ce wai sai kin dawo kin zaɓi zare.

Sai kuma rigimar faɗa wa Gwaggo abin da likita ya ce. Kawu ya hana, wai zai karya mata zuciya. Ni kuwa na ga ta sani. Shekaranjiya ta sa na sauko da kwanonin tasanta daga saman kabad, ta ce wannan na wance, wancan na wance, ta lissafo bashin mai gyaɗa. Wanda ke barin wasiyya ai bai kamata a yi ta ce masa “kin kusa tashi” ba.

Don Allah ki rubuto min yadda kuke wanke gyambon kwanciya a can, da abin da zan faɗa wa likita ya rubuta mana maganin ba tare da ya ɗauka raini ne ba. In da hali ki kira Kawu, ke yana jin maganarki. Ki gaida maigidan da yara, ki kuma sa Gwaggo a addu'a.

Taki har kullum.