Ina Kuka Baro Park Ji-sung?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Na karanta rubutun da kuka buga a shafin wasanni kan Son Heung-min, inda marubucin ya naɗa shi sarkin 'yan ƙwallon Asiya na da da na yanzu. Ba ni da ja a kan Son. Mutumin da ya zura ƙwallo 23 a gasar Firimiya a kakar 2021/22, babu ko ɗaya ta fenareti, har ya raba takalmin zinare da Mohamed Salah, ai ya wuce a yi masa gardama. Ya kuma ɗaga kofin Europa da Tottenham a 2025, a kan Manchester United ɗin da nake goyon baya, abin da har gobe yana yi mini ciwo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, daga farkon rubutun har ƙarshensa ban ga sunan Park Ji-sung ba ko sau ɗaya. Shi ne fa ɗan Koriya ta Kudu na farko da ya taka leda a Firimiya.

Ni mai horar da yara ƙwallo ne a unguwa. Na san dalilin da ya sa ake mantawa da irin su Park, don kullum ina gani a fili. Duk yaron da ya zo mini lamba 7 ko 10 yake so, kowa so yake a ce shi ya ci. Wanda zai gudu ya ƙwato ƙwallon, ya toshe hanya, ya bi mutum kamar inuwa, shi ne ake nema ruwa a jallo. Marubutan wasanni su ma yawan ƙwallaye suke ƙirgawa, to idan da wannan ma'auni ne, Park ba zai taɓa hawa sikeli ba: wasa 205 ya buga wa United, ƙwallo 27 kacal ya ci.

An haife shi a 1981, ya tashi a garin Suwon. Ɗan ƙarami ne, siriri, manyan ƙungiyoyin ƙasarsu ba su waiwaye shi ba da ya gama sakandare, sai Jami'ar Myongji ta ɗauke shi. A can Huh Jung-moo, kocin tawagar ƙasar a lokacin, ya hango shi. A 2000 ya tafi Japan, ƙungiyar Kyoto Purple Sanga, ya faɗa rukuni na biyu tare da su, ya kuma hauro tare da su. Wasansa na ƙarshe a can shi ne na ƙarshen Kofin Sarkin Japan, ranar 1 ga Janairun 2003, ya farke ƙwallon da Kashima Antlers ta ci, Kyoto ta ɗauki kofin da ci 2-1.

Masu shekaruna sun fara saninsa ne a Kofin Duniya na 2002. Na san masu cewa alƙalan wasa ne suka tallafi Koriya a karawarsu da Italiya da Sifaniya, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. An kuma kori 'yan Fotugal biyu a wasan rukuni. Amma a je a sake kallon ƙwallon da Park ya ci Fotugal ɗin: ya tare ta da ƙirji, ya ɗaga ta da ƙafar dama ya tsallake Sérgio Conceição, ya buga da hagu ta ratsa tsakanin ƙafafun mai tsaron gida Vítor Baía. Babu alƙalin da ya buga masa wannan. Yana da shekara 21, ya sheƙa a guje ya rungume kocinsu Guus Hiddink, su Luís Figo kuwa suka haɗa kayansu. Koriya ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Jamus ta tsayar da ita da ci ɗaya mai ban haushi.

Hiddink ya ja shi zuwa PSV Eindhoven a Holan. Farkon zuwansa bai ji da daɗi ba: gwiwa ta sa aka yi masa tiyata, magoya bayan ƙungiyarsa da kansu suna yi masa ihu idan ya taɓa ƙwallo. Shekara biyu bayan haka shi ne ya fara zura wa AC Milan ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, PSV ta ci 3-1, dokar ƙwallon waje ce kawai ta fitar da su. Daga nan Alex Ferguson, kocin United a lokacin, ya biya kimanin fam miliyan 4 ya kawo shi Old Trafford a 2005. A lokacin har a gidajen kallon ƙwallo na nan ana ta yi masa ba'a, wai don a sayar da riguna a Asiya aka saye shi.

Mai sayar da rigar nan ya ɗauki Firimiya sau huɗu: 2007, 2008, 2009 da 2011. Abin lura shi ne wasannin da Ferguson yake sa shi. Idan da ƙananan ƙungiyoyi ne, sau da yawa a benci za ka gan shi. Da an ce Arsenal, Chelsea, Liverpool, ko daren Zakarun Turai, sai ka ga lambarsa 13 a jerin farko. Shi ya buɗe ci a Emirates, gidan Arsenal, a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai na 2009. Shi ya yi nutso ya sa kai ya ci Liverpool a watan Maris na 2010, har jini ya fito masa. Shi ya ƙarasa Chelsea a zagayen 'yan takwas na Zakarun Turai na 2011.

Amma wasan da nake nuna wa yarana a waya shi ne na Milan a 2010. Andrea Pirlo ne ke raba ƙwallo a ƙungiyar, daga ƙafarsa komai ke tashi. Ferguson ya ba Park aiki ɗaya, ya hana shi sakat. A San Siro da Old Trafford duk inda Pirlo ya juya Park na nan a ƙeyarsa. United ta ci 3-2 a can, 4-0 a gida, shi kansa Park ya ci ɗaya daga cikin huɗun. Washegari kuwa hoton Wayne Rooney ne ya cika jaridu, don shi ya ci huɗu a wasannin biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Mosko, 2008. Park ya buga wasanni biyun da aka yi da Barcelona, ya gudu har kamar ransa zai fita, United ta kai wasan ƙarshe. Ranar karawa da Chelsea ko a benci ba a sa sunansa ba, cikin kwat ya kalli wasan. Ferguson da kansa ya sha faɗa daga baya cewa yana cikin hukunce-hukuncen da suka fi yi masa wuya. Ka duba yadda 'yan wasan yanzu suke cire sunan ƙungiya daga shafinsu na Instagram don an canja su minti goma kafin tashi. Park bai ce uffan ba. Shekara ta zagayo, ya zama ɗan Asiya na farko da ya buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai, a birnin Rum, ko da yake Barcelona ce ta yi nasara da ci 2-0.

Mu 'yan Najeriya kuma muna da namu dalilin da bai kamata mu manta da shi ba. Ranar 22 ga Yunin 2010, a Kofin Duniya a Durban, shi ne kyaftin ɗin Koriya da suka tare mana hanya. Ajantina ta riga ta ci mu, Girka ma ta ci mu bayan jan katin Sani Kaita, amma duk da haka da mun yi nasara a ranar da mun haye, tunda Ajantina ta doke Girka. Kalu Uche ya fara ci, Lee Jung-soo ya farke, Park Chu-young ya ƙara da bugun tazara. Sai Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da wadda kowa ya sani, raga a buɗe, kafin ya farke da fenareti. Aka tashi 2-2. Kowa Yakubu yake zagi har yau, ba wanda yake tambayar me ya sa tsakiyarmu ta kasa numfashi a zagaye na biyu. Wannan ne karo na farko da Koriya ta tsallake rukuni a wajen ƙasarta, kuma kocin nasu shi ne Huh ɗin nan da ya tsinto Park tun yana jami'a. A wannan gasar Park ya ci Girka, a 2006 ya farke wa Koriya ƙwallo a kan Faransa, wato ya ci a Kofin Duniya uku a jere.

Gwiwa ce ta gama da shi. Duk sanda ya yi doguwar tafiyar jirgi daga Manchester zuwa Seoul sai ta kumbura, don haka bayan Kofin Asiya na 2011 a Katar ya bar buga wa ƙasarsa yana da shekara 29, da wasa 100 cif da ƙwallo 13. Zamansa a Queens Park Rangers bai yi armashi ba, da shi suka faɗa rukuni na biyu a 2013. Ya koma PSV aro na kaka ɗaya, ya rataye takalmi a watan Mayun 2014.

Idan marubucinku ya ce Son ya fi shi iya ƙwallo, na yarda. Idan kofuna za a jera, a jera mu gani. Roƙona shi ne ku ba Park shafi guda a fitowa ta gaba, da hotonsa a bayan Pirlo, in samu abin da zan manna a bangon ɗakin da yarana suke canja kaya.

Na gode.

Naku,
Mai horar da yara ƙwallo,
Tudun Wada, Zariya.