Makarantunmu su faɗi ko su wane ne kafin AI ta faɗa musu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina da ɗan shagon kafe a nan cikin garin Bauchi, aikina cika wa yara fom da firintin da duba sakamako, to abin da nake gani kullum ne ya sa na ce bari dai in rubuto ko Allah zai sa masu makarantu su karanta.

Kwanaki wani dattijo ya shigo da 'yarsa, tun daga ƙauye suka hau mota, takardunta a cikin leda an naɗe da kyau kamar kuɗi. Yarinyar tana son shiga wata kwalejin kiwon lafiya, ba zan kama suna ba. Ta nuna min wayarta, ta tambayi Meta AI ɗin nan da ke cikin WhatsApp, wato ƙirƙirarriyar basirar da ke amsa tambayoyin mutane, yaushe za a rufe sayar da fom kuma nawa ne, ita kuma ta ba ta amsa tsaf da kuɗi da rana kamar magatakardan makarantar ne ya rubuta. Na buɗe shafin kwalejin, sanarwar ƙarshe da ke kai ta wuce shekara biyu, lambar wayar da suka sa ba ta shiga. Sai da na kira wani da na sani yana aiki a can ya ce ai an rufe tun makon jiya, an liƙa a allon sanarwa an kuma sa a Facebook. Na ce Baba ka yi haƙuri. Bai ce komai ba, ya ninke ledar nan a hankali ya sa a aljihu. Wallahi har na tashi shago abin yana cina.

Yanzu fa yara sun rage bin shafi shafi a Google. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, Meta AI kuma ta shigo mana WhatsApp a nan Najeriya a 2024, Google ma kansa ya koma sa amsar AI a sama kafin komai, yaro tambaya ɗaya yake yi ya ɗauki abin da aka ce masa. Ita kuma wannan ƙirƙirarriyar basirar ba duba take yi ba, abin da aka rubuta a fili a intanet shi take tattarawa ta haɗa amsa. In makaranta ba ta rubuta komai ba sai ta kwaso daga tsofaffin shafukan 'yan neman kuɗin talla, wani lokacin ma ta cike giɓin da nata, kuma ba za ta ji kunya ba. Mu kuwa a nan sanarwa ana buga ta a takarda ne, a sa hannu a buga hatimi, wani ya ɗauki hotonta a karkace ya tura sitatus, bayan awa 24 ta ɓace. Rubutun da ke cikin hoto ko guruf ɗin WhatsApp ba lallai ya kai ga waɗannan injinan ba sam.

Kuma ba rashin makarantu muke yi ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) tana nan tun 1980, ga Federal Poly a Gwallameji, ga Poly ta Tatari Ali, ga kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare da ta Kangere, ga ta shari'a a Misau. Maƙwabtanmu Gombe suna da jami'ar jiha da ta tarayya a Kashere. Ko maganar suna kaɗai ta isa a kula, jami'ar Gadau ta koma Sa'adu Zungur, to duk makarantar da aka sauya wa suna ya kamata ta rubuta tsohon da sabon a wuri ɗaya don kar inji ya ɗauka makarantu biyu ne.

Abin da nake roƙo ba na miliyoyi ba ne. Shafi ɗaya mai adireshin edu.ng ko sch.ng, a rubuta kwasa-kwasai da sharuɗɗan shiga da kuɗin makaranta da ranar buɗewa da rufe fom a rubutun da za a iya kwafa, ba hoto ba, kuma kowace sanarwa a sa mata kwanan wata. A faɗi wace hukuma ta amince da kwas ɗin, NUC ce mai kula da jami'o'i ko NBTE ta makarantun fasaha ko NCCE ta kwalejojin ilimi, don iyaye wannan suke fara tambayata. A sa makarantar a Google Maps da lambar da ake ɗagawa, wannan ma kyauta ne. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sabuntawa, ba a ba ɗan kwangila ya gina shafi ya tafi da faswod ɗin ba, na ga irin haka ba sau ɗaya ba.

A rubuta da Hausa ma don Allah. Uban da zai sayar da buhun masara ko akuya ya biya kuɗin nan da Hausa yake tambaya, in babu bayanin da Hausa me injin zai karanto masa? Ɗaliban sashen Hausa da na kwamfuta suna nan zaune, a ba su wannan a matsayin aikin furojet, har muƙalar makarantar a Wikipedia ta Hausa za su iya gyarawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne 'yan damfara, su kam ba sa barci, suna buɗe shafi da sunan makaranta su sa lambar asusunsu su ce fom na nan. In nasu ne kaɗai a rubuce, nasu za a nuna wa yaro. Ni dai duk wanda ya shigo shagona yanzu nakan ce kar ya tura ko sisi sai ya ji daga bakin makarantar.

Yarinyar nan ta ce za ta dawo baɗi, na karɓi lambar babanta na ce da an fara sayar da fom zan kira shi da kaina.

Naku,
Mai shagon kafe, Bauchi