A Bi Sawun Alƙawuran Gidauniyar Makarantu

Ranka ya daɗe Edita,

Rahotonku kan bukukuwan rabon kyaututtuka a makarantun Kano ya faranta mini rai, musamman tun da gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: gidauniyar da ake ƙaddamarwa a wajen irin wannan taro.

A makarantar 'yata, na ga yarinyar da ta zo ta ɗaya a lissafi ta karɓi littattafai uku a leda, mahaifiyarta tana share hawaye da gefen mayafi. Nan take manyan baƙi suka yi ta alƙawarin kuɗin gyaran rufin aji, ana tafi. Damina ta zo ta wuce, yara na jan benci gefe saboda yoyo. Kuɗin da ya shigo hannu kuwa na iyaye ne masu ƙaramin ƙarfi.

Shawarata ita ce kwamitin iyaye da malamai ya riƙa manna takardar abin da aka yi alƙawari, abin da aka karɓa da inda aka kashe shi a allon sanarwa kowane zangon karatu, a kuma karanta ta kafin a buɗe sabuwar gidauniya.

Naku,
Wani mahaifi daga Kano