Takardar Koke Kan Hayaƙin Ƙona Tayoyi da Busasshen Tarin da Ya Addabi Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
Ta hannun Mai Unguwa,
Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka da ke zaune daura da babbar bolar unguwarmu ne muka kawo kuka, domin ɗa ba shi da inda zai kai kukansa sai wurin uba.

A daren Alhamis ɗin da ta gabata, masu neman wayar cikin taya suka sake cinna wa tulin tayoyi wuta, baƙin hayaƙi ya kwana cikin ɗakunanmu. Da asuba tari ya sarƙe limaminmu bai kai ƙarshen Fatiha ba, sai na'ibi ne ya ƙarasa mana sallah. A daren kuma aka garzaya asibiti da wata yarinya 'yar shekara 6 tana tari har da amai.

Da yawanmu mun haura mako 8 muna busasshen tari marar majina. An gwada wasunmu, ba tarin fuka ba ne. Likitoci sun bayyana mana cewa hayaƙin da ƙurar hunturu ne ke kumbura hanyoyin numfashi, har su yi laushin da iskar sanyi, turaren wuta ko dariya kawai ke tayar da tarin. A wasu ma asma ce da ba ta nuna alama sai tari. Shi ya sa kuɗin da muka zuba a kemis kan maganin tari suka tafi a banza, maganin shaƙa kuwa ba kowa ke iya saye ba, kuma ina amfaninsa ga wanda zai koma ya kwana cikin hayaƙi?

Mun yi magana da masu ƙonawar, mun aika dattawa, mun rubuta, an yi mana alkawari, shiru kake ji. Haƙurin matasanmu ya kusa ƙarewa, mu ne ke tausar su.

Muna roƙon Mai Girma ya hana ƙona taya kusa da gidaje, ya sa baki a kwashe bolar, a kawo ma'aikatan lafiya su duba yara da tsofaffi, a kuma sassauta mana kuɗin maganin shaƙa. Ranka ya daɗe, ko ba a samu sauran ba, a kashe mana wutar nan.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar.