Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnar Michigan, Gretchen Whitmer

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaci ne a wata masana'antar kayan gyaran mota da ke gefen Detroit, ɗan ƙungiyar ƙwadago, mai biyan haraji, mai kaɗa ƙuri'a. Da Hausa na rubuta miki, domin da ita na fi iya faɗin abin da ke cina, kuma ofishinki ba zai rasa tafinta ba.

Bari in fara da abin da kika yi daidai, kada a ce don suka kawai na zo. Ranar 24 ga Maris, 2023 kika sa hannu aka soke dokar nan da ake yi wa laƙabi da "'yancin yin aiki". Na yi murna, har yau kuma ban janye murnata ba. Sunan dokar kansa yaudara ne. Ba ta taɓa samar wa kowa aiki ba. Abin da ta yi shi ne hana ƙungiya da kamfani su ƙulla yarjejeniyar da za ta wajabta wa duk wanda ke ƙarƙashinta biyan kasonsa na ɗawainiya, alhali dokar tarayya ta tilasta wa ƙungiyar ta tsaya wa kowa, mai biya da marar biya. Na ga wannan da idona. Wani abokin aikina ya daina biya, yana yi mana dariya duk ƙarshen wata. Ranar da aka nemi sallamarsa, wakilin ƙungiyar da muke ɗaukar nauyi ne ya zauna ya kare shi har ya koma bakin aikinsa. Mu muka yi noma, shi ya zo da buhu.

Kin fi ni sanin yadda dokar ta shigo, tunda ke ce shugabar marasa rinjaye a majalisar dattawan jiha a lokacin. Gwamna Rick Snyder ya daɗe yana cewa ba ta cikin abin da ya sa a gaba. Sai ga shi a Disambar 2012, bayan an gama zaɓe, an yi mata gudun-wuce-sa'a a majalisa ba tare da zaman jin ra'ayin jama'a ba, ya sa hannu ranar 11 ga wata yayin da dubban ma'aikata ke tsaye cikin sanyi a ƙofar majalisa a Lansing, babban birnin jihar. A jihar da ma'aikatan Flint suka zauna kwana 44 cikin masana'anta daga ƙarshen 1936 zuwa Fabrairun 1937 har kamfanin motoci na General Motors ya amince da ƙungiyarsu! Wulaƙancin ya kai.

Akwai wata dabara da suka yi wadda ita ce ta kawo ni. Tsarin mulkin Michigan ya ba jama'a damar tara sa hannu su kai doka gaban masu zaɓe su rushe ta, amma ban da dokar da ke ɗauke da kason kuɗin gwamnati. Sai suka maƙala mata dala miliyan ɗaya, ƙofa ta rufe. Kun yi tir da wannan a lokacin. Da kika hau mulki a 2019 har umarni kika fitar a rubuce cewa za ki ƙi sa hannu a duk dokar da aka cusa wa kuɗi don a kauce wa ƙuri'ar jama'a. To, ranki ya daɗe, dokar sokewar ta 2023 ta iso teburinki da irin wannan kuɗin a jikinta, kuma kika sa hannu. Na ji daɗin abin da aka samu, amma hanyar ta tsaya mini a wuya. Idan muna da yaƙinin mutanen Michigan suna tare da mu, me ya sa muka ji tsoron a tambaye su? Makamin da kika ce haramun ne, kin wanke shi kin ajiye wa majalisar gaba.

Yanzu ga inda lissafina yake. Tun daga Fabrairun 2024 da sokewar ta fara aiki, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa da yarjejeniyarsa ta tanadi haka ba shi da zaɓin ƙin biya gaba ɗaya. (Ma'aikatan gwamnati kam hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar Janus ya riga ya fitar da su, babu abin da dokar jiha za ta iya.) Na yarda da wannan tilas ɗin. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka wajabta wa biya yana da haƙƙin ganin inda kuɗinsa ke tafiya, da kuma wanda shugabanninsa ke ganawa da shi a Lansing.

Ba zan ɓoye wari a gidanmu ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Shugabannin UAW, ƙungiyar ma'aikatan masana'antun motoci, biyu a jere, Dennis Williams da Gary Jones, sun amsa laifi sun tafi gidan yari, ɗaya wata 21, ɗaya wata 28. Kuɗin ma'aikata ne aka kwashe aka kama gidajen hutu a Palm Springs, aka buga golf, aka sayi sigari da giya masu tsada. Kamfanin Fiat Chrysler shi ma ya amsa laifin ba jami'an ƙungiyar kuɗi ta bayan fage, aka ci shi tarar dala miliyan 30. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ke son dawo da tsohuwar dokar ba ya buƙatar wata hujja, sunayen nan biyu sun ishe shi. Amma ki lura da abin da ya biyo baya: an naɗa musu mai sa ido daga waje, a 2021 mambobi suka zaɓi su riƙa zaɓen shugabanninsu kai tsaye, a 2023 kuma suka kayar da mai ci suka ɗora Shawn Fain. Ƙungiyar ta sha kunya a bainar jama'a, an buɗe littattafanta, ta gyara wani abu.

Gwamnatin jiha fa? Michigan da Massachusetts ne kaɗai jihohin da ofishin gwamna ya fita daga dokar 'yancin samun bayanai, a dukansu kuma har da 'yan majalisa. Ina iya neman takardun magajin garinmu ko na hukumar makarantar 'ya'yana, doka ta ba ni. Naki da na majalisa kuwa sai dai in yi kallo daga bakin titi. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka fitar a 2015 ya ajiye Michigan a ta 50 cikin jihohi 50 wajen gaskiya da riƙon amana. A cikin wannan duhun ne Rick Johnson, tsohon kakakin majalisar wakilai, ya karɓi cin hancin da ya kai dala 110,000 yana shugaban hukumar ba da lasisin wiwi na magani, aka ɗaure shi wata 55. A cikinsa ne aka tuhumi wani tsohon kakakin, Lee Chatfield, a Afrilun 2024 da wawure kuɗin wani asusu na siyasa wanda doka ba ta tilasta a bayyana masu zuba masa kuɗi ba. Ya musanta, kotu ce za ta raba gardama. Dukansu 'yan Republican ne, na sani, amma irin waɗannan asusai babu jam'iyyar da ba ta da su, kuma kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago duk sun san hanyar ƙofarsu.

A yaƙin neman zaɓenki na 2018 kin yi alkawari da bakinki: idan majalisa ta ƙi, za ki yi amfani da ikonki ki buɗe ofishin gwamna da na mataimakinsa. A 2023 da 2024 jam'iyyarki ta riƙe majalisu biyu da kujerar gwamna a lokaci guda, wato 'yan Democrat, karo na farko cikin kusan shekara arba'in. Soke dokar ƙwadago bai ɗauke ku wata uku ba. Ƙudurin buɗe takardu kuwa ya yi ta jiran layi har wa'adin majalisar ya ƙare a Disambar 2024 bai fita ba. Abokan aikina da ba sa ƙaunar ƙungiya suna tambayata dalili, suna cewa an biya masu kawo ƙuri'a ne aka manta da sauran. Ba ni da amsar da zan ba su wadda ni kaina zan gamsu da ita.

Roƙona biyu ne, kuma na farkon ba ya buƙatar ƙuri'ar ɗan majalisa ko ɗaya. Ki cika alkawarin 2018, ki ba da umarni a buɗe jadawalin ganawarki da wasiƙun ofishinki ga duk ɗan jihar da ya nema, har da waɗanda kika yi da shugabannin ƙwadago. Na biyu, duk wani asusu da ke da alaƙa da ke ko yake tallata manufofinki, ki sa a bayyana masu zuba masa kuɗi, sannan ki fito fili ki nemi shugabannin majalisa na jam'iyyu biyu su yi haka. Wa'adinki zai ƙare ranar 1 ga Janairu, 2027, kuma ba za ki sake tsayawa takarar wannan kujera ba, don haka babu wani zaɓen gwamna da za a ce kina tsoro. Ranar da umarnin ya fita, ni ne zan fara aiko da takardar nema, kuma abin da zan tambaya shi ne wa ya ba da shawarar a maƙala wa dokar 2023 kuɗin nan.

Na gode, a huta lafiya.

Wani ma'aikacin masana'anta,
Detroit