A ba masu sani aikin tsara waƙoƙi a rediyo

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan tsara waƙoƙi a gidajen rediyonmu, wato zaɓen waƙar da za a sa da lokacin da za a sa ta. Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, gidajen FM sun yawaita a Kano da Kaduna, amma gwanayen wannan aiki ba su yawaita ba.

Mai tsara waƙa sai ya san masu sauraronsa da lokutansu. Abin da direban hanyar Zariya ke so da hantsi dabam yake da na uwargida mai tuƙa tuwo bayan la'asar. Dole kuma ya saurari waƙa har ƙarshe kafin ya sa ta, don zambo da batsa kan ɓuya a baitin ƙarshe. Da kunnena na ji wata tasha ta saki kiɗan biki ana gama sanarwar rasuwa, ko numfasawa ba a yi ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Wasu matasan da ke kan na'ura ba sa bambance kiɗan kotso da na taushi. Ina roƙon shugabannin tashoshi su haɗa su da tsofaffin ma'aikata su koya, a kuma daina maimaita waƙar wanda ya ba da na goro.

Wassalam.

Mai sauraro daga Zariya