A riƙa duba filtar mai kafin jirgi ya bar gaɓa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana matuƙa jiragen ruwa, musamman na Yawuri da Warra da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji. Duk sanda jirgi ya kife, kamar wanda ya faru kusa da Warra a watan Mayun 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, maganar da ake yi ita ce lodi ya yi yawa, ba rigar ruwa, ana tafiyar dare. Duk gaskiya ne. Amma ni da sana'ata gyaran inji ce akwai abin da nake gani kullum ba a maganarsa, wato inji ya mutu a tsakiyar ruwa saboda datti a cikin mai. Jirgi cike da fasinja da buhuna da babura in inji ya ɗauke masa, ruwa ne zai juya shi yadda ya ga dama, ga iska ga kututturan itace a ƙasan tafkin, wallahi ba wasa ba ne.

Yawancinmu ba a gidan mai muke saye ba, a jarka muke saye, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 mai ya yi tsada kowa tatse jarkarsa yake har gindi, to a gindin nan ne ruwa da tsatsa da yashi suke kwanciya saboda ruwa ya fi fetur nauyi. Abin da ke tare su kafin su isa kafireta shi ne filta. A irin Yamaha Enduro 40 da ta cika wajenmu, in ka ɗaga murfin inji za ka ga wani ɗan kofin roba da ake hango cikinsa, da 'yar raga a ciki. Ɗaga kai kawai za ka yi ka duba, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa ya ware daban da fetur.

Wankinsa ba ya buƙatar bakanike. Ka kashe inji, ka cire tiyon mai, mai sigari ya yi nisa, ka sa tsumma a ƙasa ka warware kofin ka zubar da abin ciki a gwangwani, ba a cikin ruwan da muke kamun kifi muke sha ba don Allah. Ka wanke ragar da fetur mai tsabta ka ɗaga ta a rana, in ta yage ko da kaɗan ne ta gama aiki, sabuwa za ka saya. Akwai 'yar zoben roba a bakin kofin, ita ce yara ke yarwa ba su sani ba, in ta tsage ko ba a mayar da ita ba inji zai riƙa shan iska yana shaƙewa, mai kuma yana ɗiga cikin murfi kusa da filogi, nan ake samun gobara. In ka ɗaure, ka matsa famfon tiyo har ya yi tauri ka tabbata ba inda ke yoyo kafin ka ja igiya. Ita kuma filta mai takarda a ciki ba a wanke ta, canzawa ake yi.

Abin da ya fi ɓata min rai masu huda ragar da ƙusa, ko su cire filtar gaba ɗaya su haɗa tiyo kai tsaye wai inji ya fi gudu. Haba jama'a! Dattin ai bai ɓace ba, kafireta ya tafi ya toshe ƙananan hujojinta, kuma irin wannan injin da ake haɗa fetur da baƙin mai, in mai ya ragu to abin da ke shafa fistin ma ya ragu, sai ka ji inji ya yi zafi ya cije. Gudun kuɗin filta ya jawo kuɗin fistin da ring. Alamar ma ba ta ɓuya, inji yana tafiya lafiya a hankali amma da ka murɗa wuta sai ya riƙa shiƙa yana ja baya, ranar nan ya kamata a buɗe, ba sai ranar kasuwa an yi lodi ba.

Roƙona ga hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin ƙasa da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyar matuƙa, yadda ake ƙirga fasinja a bakin gaɓa a riƙa sa direba ya ɗaga murfi a ga kofin nan. Masu sayar da mai a jarka su ma a tilasta musu tacewa da mazurari da ƙyalle mai tsabta, kuma kowane jirgin haya ya ajiye filta ɗaya da robarta a leda.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran injin jirgi, daga Yawuri, jihar Kebbi